Inna, mi za ni hwaɗa musu in na shiga?

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce, shekaruna 29, 'ya'yana uku. Wata takwas ke nan da 'yan bindiga suka shiga garinmu a yankin Sabon Birni cikin dare. Ni da yara cikin gonar gero muka kwana, aka kashe ƙanen maigidana da wasu maƙwabta. Yanzu muna unguwar Mabera a cikin garin Sakkwato, gidan wan maigidana. Tun ran nan ban iya kwana. Da na ji kabu-kabu biyu ko uku sun wuce tare sai gabana ya faɗi, zufa ta keto mini, ƙirjina ya riƙe. Sau uku ina zuwa asibiti, an auna zuciya, an auna jini, an ce lafiya lau. Yanzu likita ya ba ni takarda in je in ga likitan ƙwaƙwalwa, da wani kuma da za mu riƙa zama muna magana. Talata ta sama aka ba ni. Uwar mijina ta ce ƙarancin tawakkali ne, kada in ja a ce matar ɗanta ta taɓu. Maigidana ya yarda in je, amma jikinsa a sanyaye. Inna, ɗaure ni za su yi ko allura? Dole sai na hwaɗi komi? Akwai abin da ya faru daren nan wanda ko maigidana bai sani ba. Kuma ta yaya magana za ta warkar da ciwon ƙirji?

Ɗiyarki daga Mabera

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta gabashin jihar nan.

Babu mai ɗaure ki. Na fara da wannan ne don na san ita ce ke cin ranki. Matar da ta taho da ƙafarta, da takardar likita a hannu, ta yi sallama ta nemi wuri ta zauna, a ɓangaren masu zuwa su koma gida ake ganinta, daidai da mai hawan jini ko ciwon suga. Waɗanda ake ba gado su ne waɗanda ciwo ya kai ga ba su san inda kansu yake ba, ko ake tsoron su cutar da kansu ko wani. Su ɗin ma yanzu akwai dokar da ta tsaya musu. A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga zamanin Turawa, wadda ko sunanta ma dokar mahaukata ne. Sabuwar ta tanadi a nemi yardar marar lafiya kafin a yi masa magani, a kuma rufa asirinsa. Aiki da doka a ƙasar nan sai a hankali, kin sani na sani, amma wanda ya san haƙƙinsa zamansa a kan kujera ma daban ne.

Na san abin da uwar mijinki ke gudu, kalma ɗaya ce: Kware. Mu Sakkwatawa mun mai da sunan garin nan abin tsokana, yadda Kanawa suka yi wa Dawanau, mutanen Kaduna suka yi wa Barnawa. Yaro ya yi ƙiriniya a ce sai an kai shi Kware. Alhali asibitin gwamnatin tarayya ne a kan hanyar Illela, kuma in kika tsaya bakin ƙofarsa da safe, waɗanda za ki ga suna shiga malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da masu jego da tsofaffi, kowa da katinsa, kafin azahar sun kama hanyar gida. Ko can aka tura ki, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan cikin gari, tsarin kusan ɗaya ne.

Mafi yawan ranar Talatar nan a jira za ta ƙare. Yankan kati, buɗe folda, nas ta auna jininki da nauyinki, sannan benci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga jama'a fiye da miliyan 200, don haka layi dole ne. Ki yi sammako, ki karya kafin ki fita, ki riƙe gorar ruwa, kin dai san bazarar Sakkwato ba ta wasa.

Da aka kira sunanki za ki shiga ɗaki ne kamar ofishin hedimasta: tebur, kujera biyu ko uku, fanka, mutum da biro da foldarki. Ba na'ura, ba waya a ka. Tambayoyi ne zalla, suna iya cin kusan awa guda. Yaya barci, ƙarfe nawa kike farkawa, kina mafarkin daren nan, yaya cin abinci, yaya zama da maigida, akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku, a hannun wa kika tashi. Wataƙila a karanta miki wasu tambayoyi tara a takarda game da makonni biyu da suka wuce, ki faɗi kwana nawa a ciki kika ji kaza. Akwai kuma waɗanda za su ba ki haushi in ba a gaya miki tun da wuri ba: yau wace rana ce, ina ne nan, riƙe sunan abubuwa uku ki maimaita an jima, kina jin muryoyin da wasu ba sa ji? Kada ki ɗauka an raina miki hankali. Kowa ake yi wa su, har farfesa, kamar yadda ake ɗaura wa kowa abin awon jini ko da ciwon ƙafa ya zo. In aka tambayi sunan maigida ko na ɗan fari kunya ta kama ki, ki nuna katin ko ki ce a tambayi 'yar rakiya, sun saba da alkunyarmu.

Mutum biyu likitanki ya rubuta, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni. Shi ke sa wa ciwo suna, shi ke rubuta magani, yana iya sake tura ki awon jini don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna sa bugun zuciya da kasala. Na biyun masanin halayyar ɗan Adam ne. Ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa zama da ke, mako-mako ko bayan mako biyu, minti 45 zuwa awa guda. Ba lalle ki gan shi a Talatar nan ba, sau da yawa wata rana ake sa wa mutum. Kada ki koma gida kina cewa an yi miki wasa da hankali.

Sai babbar tambayarki, ko dole ki faɗi komi. Hausawa sun bar mana magana biyu da ke karo da juna a nan. Sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun kuma ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga yadda na raba musu gardama. Abu uku ne cibin, su kam ki faɗe su a zaman farko ko ba a tambaya ba: duk abin da kike sha, na kemis da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, ko kina da ciki ko kina shayarwa, da kuma ko zuciyarki ta taɓa raya miki gara mutuwa, ko ki yi wa kanki wani abu. Na ƙarshen nan za a tambaye ki shi kai tsaye, ba kwana-kwana. Mutanen da suka ga abin da kika gani da yawa irin wannan tunani na zuwar musu, kuma faɗinsa ba ya nufin gado ke nan, yana sa likita ya san irin kulawar da zai ba ki.

Abin da ya faru a daren nan kuwa naki ne, ke ke da mabuɗinsa. Ba zan tambaye ki mene ne ba, kuma wanda ya san aikinsa ba zai tatse ki a ranar farko ba, don ya san buɗe irin wannan ƙofa da gaggawa ɓarna yake yi. Ga kalmomin da za ki riƙe: "Akwai wani abu da ya faru, ban shirya faɗinsa ba tukuna." Shi ke nan. Zai rubuta, ya wuce, ya jira ki. Wata sai a zama na huɗu take faɗi, wata na takwas. Sai dai abu ɗaya zan roƙe ki a matsayin uwa: in abin ya shafi jikinki, ki keɓe da nas mace ko likita mace ki sanar da ita, don akwai gwaje-gwajen da jinkirinsu ba ya da amfani. Kuma ko mene ne, laifin yana wuyan waɗanda suka shigo da bindiga.

Kafin ki buɗe baki a kan wani sirri, ke ma ki yi tambaya, haƙƙinki ne. Wa da wa ke karanta foldar nan? In maigidana ya zo ya tambaya, me za ku gaya masa? Ƙa'idar aikinsu ita ce ba sa fitar da maganarki ga miji ko suruka ba da izininki ba, sai in rai na cikin haɗari, naki ko na wani, ko ana cutar da yaro. Ki nemi mace in akwai. In babu, ki ce a bar nas ta zauna tare da ku. Wanda ya rako ki kuwa, likita zai so ya ji ta bakinsa na ɗan lokaci, daga nan ki ce kina son ki yi magana ke kaɗai. In nauyi ya hana ki, ki raɗa wa nas tun a waje, su sun iya fitar da ɗan rakiya cikin mutunci. Asibitin koyarwa kuma akwai ɗalibai; in kin ga fararen riguna sun cika ɗaki, kina iya cewa a rage.

Ban saba kawo kaina a wannan fili ba, amma yau zan kawo. Bayan na fita takabar mahaifin yarana, wata huɗu da kwana goma sun wuce, mutane sun watse, ni kuma na kasa komawa daidai. Ƙanwata ta matsa na je irin wannan zama na magana. Wallahi ɗiyata, zaman farko gaba ɗaya a kan randa na ƙare shi. Randar da ke ƙofar ɗakinsa ta tsage, ina ta bayanin yadda ruwa ke tsiyaya, da yadda na hana a canza ta, da tsadar sabuwa. Matar da aka haɗa ni da ita ba ta katse ni ba. Da na yi shiru, ita ma ta yi shiru, ba ka jin komi sai ƙarar fanka, har na fara jin haushinta. Can ta ce, "Wa ke cika randar da?" Kukan da ban yi ba ranar jana'iza a nan na yi shi, har gefen mayafina ya jiƙe. Na dawo gida kaina kamar zai tsage, na rantse ba zan koma ba. Na koma. Don haka in kin fito ranar nan jiki duk ya mutu, ko daren ya fi na jiya wuya, ba alamar an ƙara miki ciwo ba ce. Miki ne aka fara wankewa. Ki shirya wanda zai kama miki girki da yara a ranar.

Kafin wannan mata, wani aka fara haɗa ni da shi a wani wuri. Waya uku ya amsa ina zaune, ya ce in yi haƙuri kowa zai mutu, ya duba agogo. Haƙuri ai a gida ma an ba ni, buhu-buhu. Ban koma wurinsa ba, kuma ban yi nadama ba. Ki ba wanda aka haɗa ki da shi zama uku. In bayan nan kina jin ana yi miki wa'azi, ko ana ɗora miki laifi, ko ana gaggawar sallamarki, ki koma wurin likitan ki ce a canza miki. Wanda ya nemi ku haɗu a wajen asibiti, ko ya fara wata magana da ba ta aiki ba, wannan ba sai an kai zama uku ba.

To yaya magana za ta taɓa ƙirji? Ciwon ƙirjinki gaskiya ne, ba ƙirƙira kike yi ba, kuma awon da ya ce zuciyarki lafiya shi ma gaskiya ya faɗa. Allah ya sa wa jikin ɗan Adam wani shiri na gudun hallaka: da an hango haɗari sai wani sinadari ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsokar ƙirji ta ɗaure, zufa ta karyo. Shi ya ba ki ƙarfin ɗaukar yara ki shiga gero cikin duhu. Matsalar ita ce naki bai samu labarin cewa an bar garin ba. A kan babura suka zo, don haka duk babura uku da suka wuce a Mabera, jikinki na cewa ga su nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Likitoci sun daɗe da sanin wannan; a 1980 aka shigar da shi cikin jerin cututtuka da sunansa a Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Ba ni zan sa wa ciwonki suna ba, aikin likita ne, amma in kin ga ya rubuta haruffa huɗu, PTSD, firgicin bayan bala'i ke nan, kuma yana jin magani.

Zaman da za ku riƙa yi ya fi kama da koyon sana'a. Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga aikin wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, a shekarun 1960, wanda ya lura cewa abin da mutum ke faɗa wa kansa a zuci yana juya yadda yake ji da yadda yake yi. Da farko za a koya miki kwantar da jiki: jan numfashi a hankali ta hanci, sakinsa a hankali fiye da yadda aka ja shi, taka ƙasa da tafin ƙafa, kiran sunan abin da ido ke gani, ga tabarma, ga buta, ga ƙofa, ina Mabera, yau Laraba. Za a ce ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da faɗuwar gaban ta zo da abin da ya zo miki a rai, da boko ko da ajami, duk ɗaya. Sai a bi tunanin da ke cizon ki, irin su "da na tashe shi da wuri da bai mutu ba", a auna shi da abin da ya faru a zahiri. Can gaba, in kin yi ƙarfi, a riƙa kusantar abin tsoron kaɗan-kaɗan: yau ki tsaya a zaure babur ya wuce, wani mako a ƙofar gida, wata rana ki kai bakin titi. Gudun abin yana ba da sauƙi na minti biyar, amma shi ke ciyar da tsoron. Irin wannan magani yakan ɗauki zama 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Awa guda ce a mako a ɗakin. Sauran aikin a tsakar gidanku yake, kuma wadda ke yin aikin gidan ita ke riga samun sauƙi.

In an rubuta miki ƙwaya, ki tambayi sunanta da amfaninta da abin da za ki iya ji in kin fara. Magungunan damuwa ba kamar na ciwon kai ba ne, sukan yi mako 2 zuwa 4, har fiye, kafin a ga aikinsu, kuma a kwanakin farko wata takan ji tashin zuciya ko jiri. Da yawa a nan suke yar da su, su ce ba sa aiki. Ba a kuma yanke su rana ɗaya don an ji sauƙi, likita ne ke rage su. Ƙwayar barcin da ake saya a kemis ba takarda kuwa, irin su diazepam, ki nisance ta. Mako kaɗan jiki ke kama ta, a dawo ana maganin ciwo biyu.

Uwar mijinki kuma, ki sassauta mata a zuciyarki. Wanda aka kashe daren nan ɗanta ne. Tawakkalin da take faɗa miki, da shi take ɗaure nata ƙirjin, kuma in ta yarda cewa ke kina bukatar likita, sai ta dubi nata mikin. Ba sai kin yi musu da ita ba. Amma ke ki sani baƙin ciki bai taɓa zama shaidar raunin imani ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiranta har yau. Shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A garin nan da muke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da maraice, ki tofa a hannu ki shafa kafin kwanciya, ki kuma je asibiti ranar Talata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duk wurin da za a ce sai an doke ki, ko an turara miki hayaƙi har ki shiɗe, ko a ce ki ajiye maganin likita. In ta tambaya, ki ce mata, "Inna, likitan da ya duba ƙirjina ne ya tura ni wurin na rashin barci." Ba ki yi ƙarya ba.

Maigidanki shi ma ƙanensa ya rasa, kuma maza a nan sai dai su yi shiru su rame. In zai raka ki, ki bar shi, ko a benci ya zauna ya ga irin mutanen da ke shiga da fita. Yaran nan uku ma sun kwana a gonar. In akwai wanda ya koma fitsarin kwance, ko yake firgita cikin barci, ko ya liƙe miki ba ya barin ki ko bayi, ki ambata wa likita.

Daren Litinin ki sa takardar likita da sakamakon awon da aka yi miki da kwalayen duk maganin da kike sha a jaka ɗaya. Ki rubuta abu uku da suka fi damunki a 'yar takarda, don da an zauna gaban likita kai kan ɗauke. In baki ya ƙi buɗuwa, ki miƙa masa ita. Ki tambayi kuɗin kowane zama tun a ranar, in ya fi ƙarfinku ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki gaya musu gudun hijira kuka yi. Kada ki fito sai an rubuta miki ranar dawowa a kati, da sunan wanda za ki gani. In kuma kafin Talatar wani mugun tunani ya taso miki da ƙarfi, kada ki jira ta: ki tashi maigidanki ko matar wansa, ku tafi ɓangaren gaggawa a daren.

Bayan zama na uku ki sake rubuto mini. Ina so in ji awa nawa kike samu na barci, da kuma ko kin kai ƙofar gida.

Innarki